Harufa Biyu a Gefen Zobe

Ku da kuke bibiyata, sannunku. Yau kam ba da sakin fuska na zo ba. Abin da zan faɗa muku ko Inna ban faɗa wa duka ba, kuma na san cikinku akwai masu cewa Radiya ba ta kyauta ba. Ku bari in kai ƙarshe tukuna, sa'an nan ku zage ni da hujja.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce 'yar Mamman Mai Hoto, Allah ya jiƙan shi, mai shagon nan shuɗi da ke kan hanyar kasuwar Tanut. Da ya rasu, shekara huɗu kenan, kowa ya ɗauka shago ya mutu tunda bai bar ɗa namiji ba. Ni na ɗauki makulli na buɗe, ina da shekara sha tara, ko lise, wato sakandare, ban ƙarasa ba. Hoton katin ɗan ƙasa, hoton suna, hoton amare, da shi tukunyarmu ke hawa murhu. Mu uku ne a gida: Inna, ni, sai Yaya Asiya, 'yar Baffana Ilyasu, wadda ta baro Belbeji shekara uku da suka wuce ta zauna wurinmu tana yi wa amare ƙunshi. Shekara biyu ta girme ni. Ɗakinmu ɗaya, madubinmu ɗaya, har ta kai in na rasa ɗankwalina, kanta nake fara dubawa.

Sai Abdulgani. Ma'aikacin kiwo ne a Belbeji, cikin masu bin makiyaya har Tarka suna yi wa dabbobi allura. Dogo ne, baƙi, mai gilashi, ba ya gaggawar magana ko da rigarshi ce ta kama wuta. Bara ya shigo shagona yin hoton kati, daga nan ƙafarshi ba ta ƙara ɗaukewa ba. Ni ina ce mishi Likitan Shanu, shi yana ce mini Mai Hoto. Satin da nake ba ku labari an riga an tsayar da magana: ranar Juma'a manyanshi za su zo a sa rana, Baffa Ilyasu kuma zai taso daga Belbeji ya karɓe su, tunda shi ne waliyyina.

Inna kuwa tun watan jiya waƙarta ɗaya ce.

"Daga an ɗaura, wannan baƙin abin da kike ratayawa a wuya ki aje shi. Matar aure ta durƙusa gaban ƙattai tana cewa a yi murmushi! Ina aka taɓa yi?"

"Inna, ai mai auren bai hana ba."

"Yanzu ne bai hana ba. Ke dai ki rufa mini asiri ki shiga ɗakinki, ashirin da uku ba wasa ba ce. Ba ki ga 'yar uwarki ba? Duk wanda ya zo ta ce bai yi mata ba, ga ta nan zaune."

In Inna ta faɗi haka, Yaya Asiya sai ta yi ɗan murmushi ta ci gaba da kwaɓa lallenta. Ni kuma in tuntsire da dariya. Wallahi dariya nake yi, ban san komai ba.

Ranar Litinin da hantsi ina shago, sanye da atamfata koriya mai zanen ganye da ɗan gyale ruwan madara, sai ga Abdulgani ya yi sallama. Daga Damagaram yake, taron aiki suka je. Shadda ruwan toka, hula ta ɗan karkace, hannunshi ɗaya a baya.

"Mai Hoto, rufe idonki."

"In rufe ido cikin shago a kwashe ni?"

Ya aje wani ɗan kwali bisa tebur. "Wata uku ina jiran mai kawo shi daga Yamai."

Ina buɗewa sai na ja kujera na zauna. Objektif ne, wato idon nan da ake ɗaura wa kamara a gaba, amma irin wanda ake kira makro, mai ɗaukar ƙananan abubuwa kusa-kusa. Na daɗe ina kallon hotunan irinshi a waya ina haɗiyar yawu. Sau ɗaya tak na taɓa ambata mishi, shi ma cikin hira.

"Ka san Inna cewa ta yi in aje kamara?"

"Shi ya sa na ƙaro wa kamarar ido," in ji shi. "Amma da sharaɗi. Akwai wata kaska da ke damun shanun Tarka, za ki ɗaukar mini ita in aika wa manyanmu."

"Au, ashe don kaska ka sayo, ba don ni ba."

"Ke da kaska, kowa da rabonshi."

Na jefe shi da murfin kwalin. Ya kauce yana dariya, ya ce mota na jiran shi, sai Juma'a.

Ranar ko azahar ban bari ta yi ba na rufe shago. Kaka ce, tsakar gidanmu cike da damman hatsin da aka kawo mana daga gonar Baba ta Olelewa. Na ɓantaro ƙwaya ɗaya na ɗora bisa faifai, na kwanta rub da ciki kan tabarma. Hoto goma na farko duk dishi-dishi. Har na fara cewa ko an cuci bawan Allah an sayar mishi da lalatacce. Sai a hankali na gane halin abin: sai ka matsa har tsakaninka da abin bai fi faɗin yatsa huɗu ba, ka murza da hannu sannu-sannu, ka riƙe numfashi, don ko bugun zuciyarka kaɗai ya isa ya ɓata hoto. Kuma rowa gare shi. Wuri ɗan mitsitsi yake fitarwa tar, duk abin da ke gaba ko baya ya narke. Na ɗauko ƙafa-ukun Baba na kafa kamarar, na jingina farin kwali a gefe don ya turo mini hasken rana.

Sai ga ƙwayar hatsi ta cika fuskar kamara kamar tulu, da ɗan baƙin cibi a gindinta da wasu layuka a jikinta.

"Inna! Inna, zo ki gani!"

Ta zo tana goge hannu da zane, ta leƙa, ta ja da baya. "A'uzu billahi! Wannan muke ci?"

Na ɗauki tururuwa, ashe gashi gare ta a ƙafafu. Na ɗauki ɓarɓashin gishirin Bilma, ya fito kamar duwatsu. Zaren lufayar Inna ya koma igiyar guga. Matar da ke cewa in aje baƙin abu, ita ce ta shiga ɗaki ta fito da allurarta ta ce in duba mata kafar, ko ta gane abin da ke hana ta zira zare.

Da la'asar na rasa abin ɗauka, sai idona ya faɗa kan zobena. Na azurfa ne, siriri, mai zanen sarƙa, wanda Abdulgani ya sa wani maƙeri Buzu ya ƙera mini a Belbeji. Na cire na ɗora bisa faifai. Ina murzawa, sai na ga wani abu a gefen baki, can inda ke goga fata. Wata takwas ina sanye da shi, na ɗauka ƙarzuwa ce. Ashe rubutu ne. AG 24. Harufan sunanshi da shekarar da ya ba ni.

Na tura mishi a take.

"Na kama ka. Mene ne wannan?"

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amso. "Subhanallah. Har ya gani? Maƙerin ya rantse mini ba idon da zai karanta shi."

"Ni na karanta."

"To ki riƙe sirrin. So na yi sunana ya riƙa taɓa hannunki ba wanda ya sani."

Ku faɗa mini gaskiya, wace mace ce za a rubuta wa haka ta ci tuwo ranar? Na karanta ya fi sau ashirin. Da Yaya Asiya ta dawo daga gidan wata amarya har na buɗe baki zan nuna mata, sai na tuna ya ce sirri, na yi shiru ina ta murmushi ni kaɗai, har ta tambaye ni ko lafiya.

Talata da safe ita da kanta ta kira ni. Ta zana wa hannunta na hagu wani sabon zane, wanda ta ce shi za ta yi mini ran biki, tana so in ɗaukar mata da sabon idon ta tura wa masu zuwa ƙunshi. Hannun Yaya Asiya kam sai dai a ce masha Allah: yatsu dogaye, farce kamar an wanke, ga lallen ya kama baƙi siɗik. A yatsanta akwai zoben da take sawa kullum, farar azurfa mai ɗan jan dutse. Tun zuwanta gidanmu yake hannunta, ko wanki za ta yi ba ta cirewa. Na ɗauka na mahaifiyarta ne, ban taɓa tambaya ba.

Na shimfiɗa baƙin ƙyalle bisa kujera 'yar tsugunne, ta ɗora hannun. Na ɗauki furen da ke bayan hannu, na gangaro yatsu. Ina murzawa ina neman wani siririn layi, hannuna ya ɗan zarce. Lallen ya narke. Gefen zoben ya fito tar.

AG 21.

Ban yi ihu ba, ban ko ɗaga kai ba. Na riƙe numfashi kamar yadda na koya jiya, na danna. Na sake dannawa.

"Radiya, hannuna fa ya gaji."

"Kar ki motsa."

"Ya fito kuwa?"

"Ya fito sosai, Yaya."

Sau bakwai na ɗauka. Na naɗe kayana na fita ko koko ban sha ba.

A shago na ja labule, na sa hotunan biyu gefe da gefe a kwamfuta, na ƙara musu girma har suka cika allo. Ina neman bambanci, wallahi nema nake da gaske. Na ce ko wani Abdul ne daban, ai Abdul sun yi yawa a duniya. Amma hannun maƙeri ɗaya ne. G ɗin duka da 'yar jela mai lanƙwasa, A ɗin duka ƙafarshi ta dama ta fi tsawo. Shekara uku kafin nawa.

Daga nan fa komai ya riƙa dawo mini. Ranar da ya fara zuwa zance gidanmu, ita ta dafa shayi, ta ce mini kar in cika sukari, bai so. Wa ya faɗa mata? Ranar da Inna ta yi miyar kuɓewa za a kai mishi, ita ta ce a canja. Shekara guda ban taɓa jin ta kama sunanshi ba, kullum sai dai "baƙonki ya zo". Kuma in ya yi sallama, nan take wani aiki ke taso mata a bayan gida. Ni sakarya ina cewa kawaici ne irin na babbar yaya.

Wani tsoho ya zo hoton kati na ce mishi kuran ya ɗauke, babu wuta, alhali fanka na juyawa bisa kanmu.

Abin da na yi kwana biyun nan ba abin faɗi ba ne, amma na ce zan faɗa. Na dawo gida na tsaya gaban madubinmu ina ƙare wa kaina kallo: gajera, yatsu guntaye, ga kanta a yatsan da nake dannawa da shi. Ita kuwa doguwa, ga wushirya, in ta naɗa lufaya ko ta tsumma ce sai an waiwaya. Shekara uku ina alfahari da kyanta, ran nan shi ne ya riƙa sukata. Da rana na ce ba na jin yunwa don kar mu sa hannu kwano ɗaya. Na kwashe kayan shafata daga kan tebur na zuba cikin jaka. Da ta shiga wanka na ɗauki wayarta, tunda na san lambobin buɗewa, na bincike ta kaf. Babu sunanshi, babu saƙo, babu hoto. Kun ɗauka hankalina ya kwanta? Cewa na yi a raina, ai ta haddace lambar.

Shi kuma saƙonni sai shigowa suke.

"Mai Hoto, shiru?"

"Yau me aka ɗauka, ƙuda ko sauro?"

"Na samo miki kaskar, tana cikin kwalba."

"Radiya, lafiya?"

Ina buɗewa, ina karantawa, ina kife wayar.

Laraba da hantsi Yaya Asiya ta tafi ƙunshi. Inna na madafi tana tankaɗen fulawar dubulan ɗin da za a tari baƙi da shi. Na durƙusa gabanta na miƙa mata waya.

"Inna, wannan zobena ne. Wannan na Yaya Asiya. Ki dubi gefen."

Inna ba ta iya boko ba, amma ba ta tambaye ni me aka rubuta ba. Ta dubi hoton, ta dube ni, ta aje rariya.

"Tashi ki turo ƙofar gida."

A nan na san ta sani.

Ta ce Abdulgani ya nemi Asiya a Belbeji tun kafin ya samu aiki, lokacin yana bin ma'aikata yana riƙe musu igiyar shanu. Kusan shekara biyu suna tare. Da ya turo manyanshi, Baffa Ilyasu ya ce ba ya ba da 'yarshi ga wanda ko akuya bai mallaka ba, kuma a gaban mutane ya faɗa. Yaron ya bar garin ya tafi karatu. Asiya ta kwanta ciwo, shi ne aka kawo ta nan ta canja iska, ta ƙi komawa.

"Yanzu da ya samu aiki Baffa ya ga mutum ne?"

"Ki iya bakinki, ubanki ne."

"Kenan kowa ya sani. Ke kin sani, Baffa ya sani, shi ya sani. Ni kaɗai ce ake kallo ina rawar kai."

"Ita ta roƙa." Inna ta nuna bakin murhu. "Nan ta durƙusa, ranar da ya fara zuwa. Ta ce Inna, don Allah kar a faɗa wa Radiya, in ta sani ba za ta karɓe shi ba, kuma mutumin kirki ne. Ta ce ita nata ya wuce."

"Ya wuce shi ne zoben ke hannunta?"

Inna ta ɗauki rariyarta. "Ni dai abu ɗaya na sani. Jibi mutane za su taso tun daga Belbeji. In kika kunyata ni gaban dangin ubanki, Radiya, ban san inda zan sa fuskata ba. Wace mace ce ta samu namijin da bai taɓa kallon wata ba?"

"Wata daban, Inna. Ba wadda muke kwana ɗaki ɗaya ba."

Da yamma na tura mishi hotunan biyu, ban rubuta ko harafi ba. Ya kira sau goma sha ɗaya. Ban ɗauka ba.

Alhamis ina buɗe shago na ji tsayuwar moto. Tun asuba ya baro Belbeji, rigar aiki ce jikinshi, gilashin duk ya yi ja da ƙasar hanya. Ya zauna kan bencin da nake zaunar da masu hoton kati, ni kuma na tsaya bayan tebur.

"Na yi kuskure da ban faɗa miki ba," in ji shi.

"Tambaya uku zan yi maka. In ka yi mini ƙarya zan gane."

"Yi."

"Ranar da ka fara shigowa shagon nan, babu mai hoto ne a Belbeji?"

Ya cire gilashin yana gogewa da bakin riga.

"Akwai. Na ji tana gidanku. Don ita na zo."

Na san amsar tun kafin in tambaya, amma jin ta daga bakinshi daban ne. Na dafa tebur.

"Ba don in dawo ba," ya ci gaba. "So na yi ta ji labarin na samu aiki. Ranar da mahaifinta ya yi mini abin da ya yi, tana cikin ɗaki tana ji, ko kalma ɗaya ba ta ce ba. Na jira saƙonta wata shida. Na zo ne in ƙona mata rai, gaskiyar kenan. Sai na tarar da wata tana yi mini tsawa wai in daina karkata kai."

"To ni ce itacen da ka hura wutar da shi?"

"Zuwa na farko don ita ne. Na biyu ban san don wa ba. Daga na uku har yau, Allah ne shaidata, don ke ne."

"Ta biyu. Maganar da ka rubuto mini, wai sunanka ya riƙa taɓa hannuna. Ita ma ka faɗa mata?"

"A'a. Ita ba ta ma san akwai rubutu ba. Na bari sai ranar aure in nuna mata, ranar ba ta zo ba."

"Amma ka koma wurin maƙeri ɗaya ka ce a yi maka irin na da."

Ya sunkuyar da kai.

"Ta uku fa?" ya tambaya a hankali.

Ta uku ita ce ko har yanzu yana son ta. Na buɗe baki, na ga yadda ya amsa biyun farko ba tare da ɓoye komai ba, sai tsoro ya kama ni.

"Na fasa. Tashi ka tafi, ina da aiki."

"Gobe su zo?"

"Ban hana kowa hanya ba."

Ya aje mini kwalbar kaskar bisa tebur, ya fita.

Juma'a gida ya cika da ƙamshin turaren wuta da suyar kaji. An share zaure, an shimfiɗa tabarmi sababbi. Baffa Ilyasu ya iso da hantsi cikin babbar riga fara, baƙi kuma sai bayan an sauko masallaci. Ni ina ɗaki zaune bakin gado, shaddata ruwan hoda tana ajiye ban sa ba. Yaya Asiya ta shigo da kwanon lalle, ta turo ƙofa.

"Kwana uku ba ki kalle ni ba. Me na yi miki?"

Na so in yi mata ihu. Na shirya maganganu masu ciwo tun Talata, na jera su. Amma sai kawai na buɗe hoton na miƙa mata, kuma Allah ya sani don in soke ta na miƙa.

"Hannuna ne wannan," ta ce. "Me ye a..."

Ta matso da wayar kusa da fuskarta. Ta dubi zoben, ta juya shi, ta kai shi wajen taga tana ƙanƙance ido, ta dawo kan wayar.

"Wannan a jikinshi yake?"

"A gefe. Ido ba ya gani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ya ba ki."

Sai ta zame ta zauna ƙasa. Ba ta yi sauti ba, hawaye ne kawai ke zuba suna ɗiga cikin kwanon lalle. Shekara uku tana ɗauke da sunanshi a hannu ba ta sani ba, kuma ni ce na nuna mata, ranar da za a sa ranar aurena da shi. Na zaci in na ga ta ji ciwo zan ji sanyi. Ban ji ba. Kishin ma ƙaruwa ya yi, don ni da na ga nawa dariya na yi, ita kuwa dubi yadda ta yi.

Ta tashi ta ɗauko sabulu da buta. Zoben ya ƙi fita, sai da ta murza har yatsan ya yi ja. Inda ya zauna ya bar farin zagaye a fatarta. Ta kamo hannuna ta sa mini shi a tafi, ta rufe yatsuna a kai.

"Ban taɓa kiran shi ba, ban taɓa tsayawa da shi ba tun da ya zo wurinki. Wannan ki yarda da ni."

"Na yarda. Amma Yaya, har yanzu kina..."

"Kar ki tambaye ni, Radiya." Ta share fuska da gefen ɗankwali. "Don Allah kar ki tambaye ni. Miƙo ƙafarki, lallen zai bushe."

Kuma na miƙa. Ta zana mini ƙunshin da ban taɓa ganin mai kyanshi ba, hannunta ko rawa bai yi ba.

Bayan Juma'a muka ji tsayuwar mota, muka ji sallamar maza a zaure. Can sai Baffa Ilyasu ya shigo tsakar gida ya sa aka kira ni. Na fito lulluɓe, na durƙusa nesa da shi. Inna na tsaye bakin madafi ta kafe ni da ido. Yaya Asiya na bayan labulen ɗakinmu, ina ganin yatsun ƙafarta.

"Radiya," in ji Baffa, "mutanen nan sun zo. Na taɓa yanke irin wannan magana ban tambayi mai ita ba, ba zan sake ba. Kin amince a sa rana?"

Da na ce a ba ni lokaci, da ya ba ni, na ga haka a fuskarshi. Kuma abin da na yi niyyar faɗa kenan tun safe. Amma sai na hango abin da zai biyo baya: in na ja baya, ga shi da aikinshi, ga Baffa ya yi nadama, ga ta nan bayan labule. Ko wata uku ba za a yi ba. Ni kuma a kira ni in ɗauki hoton biki.

"Na amince, Baffa."

Inna ta rangaɗa guɗa. Aka sa wata biyu.

To ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai ku. Ina son Abdulgani, wannan ba ƙarya ba ne. Amma a daidai lokacin da na buɗe baki, ban san ko son ne ya yi magana ba, ko kuwa don kar ta same shi ne. Har yanzu da nake rubuta muku ban sani ba.

Da la'asar baƙi suka watse. Wayata ta yi ƙara: "Alhamdulillah. Na gode, Mai Hoto." Ban kai ga amsawa ba na shiga ɗaki in aje gyale, sai na tarar da Yaya Asiya durƙushe gaban akwatinta tana ninke kaya. Madubi, kwanonin lalle, lufayoyi, duk ta haɗa.

"Ina za ki?"

Ba ta ɗago ba. Inna ce ta amsa daga bakin ƙofa, da fara'arta, bakinta cike da goron sa rana.

"Baffanku ya ce ta bi shi gida yau. Wata biyu kamar gobe ne, ga gidan da za ki zauna ko shafe ba a yi ba. Wa ya fi ta sanin abin da kike so? Ita za ta tsaya kan gyaran ɗakinki, ita da angon."

Na tsaya riƙe da gyale, zobe ɗaya a yatsana, ɗaya ƙulle a bakin zanena. A waje direba ya danna oda, Baffa yana cewa a yi sauri kar rana ta faɗi musu a hanyar Belbeji.